Ɗan Fari da Ƙadangaren Bangonmu

Ɗana na fari ya shekara biyu da rabi bai furta kalma ɗaya da za a riƙe ba. Ji kam yana ji. In ɗan zemijan ya tsaya da babur a ƙofar gida, shi ne farkon mai waiwayawa. In ladan ya ɗaga murya daga babban masallacin Zongo, sai ya saki abin da ke hannunsa ya kasa kunne. Yana dariya, yana kuka, yana nuna abu da yatsa. Amma baki shiru, kamar wanda aka ba ajiya aka ce kada ya faɗa wa kowa.

A lokacin muna zaune a unguwar Zongo ta Kwatano, a gidan haya mai ɗaki tara, rijiya a tsakiya, igiyoyin shanya sun gitta ta ko'ina. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya kai arewa, sai ya yi sati biyu ko uku ban sa shi a ido ba. Ni kuma ina da keken ɗinki a bakin ƙofar ɗakina, ina ɗinka hijabai da mayafai, wata mata tana zuwa ta kwasa ta kai kasuwar Misebo.

Sai na faɗi wani abu game da kaina, in ba haka ba ba za a gane kuskurena ba. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana. Karatun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koye shi, irin waɗanda 'yan kasuwa ke cusowa cikin dilar atamfa daga Kano, mu yi ta karɓa-karɓa har bangon ya yage. A cikinsu saurayi yakan buɗe baki ya cinye shafi biyu bai numfasa ba, budurwa tana sunkuye tana juya zoben hannunta. Na taso na ɗauka haka so yake magana, ɗaya ya zuba, ɗaya ya sha. Sai Allah ya haɗa ni da miji nagari, mai tausayi, wanda duk zancensa a waya bai wuce, "Kuna lafiya? Yaron fa? To madalla, caji zai ƙare." Kalaman da na tara tun ina budurwa suka rasa wurin sauka.

Ga kuma kunya. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. Ba na kiran sunansa. Ba na yi masa wasa a tsakar gida. In ya faɗi a gaban mutane wata ce za ta ɗaga shi, ni ina can ina gyara zare kamar ban gani ba, alhali zuciyata ta riga ta isa wurin. In ya zo ya kama zanena yana "eh, eh" yana nuna wani abu, sai in kawar da kai. 'Yan matan yanzu da yawa sun ajiye wannan al'ada, amma mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, haka ta yi wa yayarmu, kuma ina jin daɗi in na ji matan gida suna cewa, "Amaryar nan akwai kunya." Har lokacin Amarya ake kirana.

Don haka uwa biyu yaron nan yake da su. Ta tsakar gida ba ta ko kallonsa. Ta ɗaki kuwa, da an yi azahar kowa ya shige, sai ta saki labule, ta ɗora shi a cinya, ta biya bashin shirunta gaba ɗaya.

"Ya kai sanyin idanuna, ka san irin son da nake maka? Ka sani mana. Yunwa kake ji? A'a, ka ƙoshi. Dubi idanunka kamar na babanka. Kana kewarsa ko? Ni ma haka. In ka girma jirgin sama za ka tuƙa, ka kai ni Makka, ko ba haka ba? Haka ne."

Haka zan yi ta yi har la'asar. Shi kuma ya zuba mini ido. Wani lokaci ya buɗe baki, ko ya ɗaga yatsa wajen taga, sai in kama yatsan in sumbata in ci gaba daga inda na tsaya. Ban taɓa tsammanin ina hana shi komai ba. A ganina babu yaron da ake yi wa magana kamarsa a duk Zongo.

Shawara kam mun sha ta. Maƙwabciyata da muke kira Iya mai koko, wata dattijiyar Bayarabiya da ta fi wasunmu iya Hausa, ta ce a nemo ruwan da aku ya sha a ba shi. An kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshensa, ya ce ba a ɗaure yake ba. An yi rubutu ya sha. Daga ƙarshe na hau zemijan da shi a baya muka je asibiti. Ma'aikaciyar ta kaɗa masa makullai ta bayan kunne, ta leƙa bakinsa, ta ce lafiyarsa ƙalau, wasu yaran sukan yi jinkiri. "Ki riƙa yi masa magana sosai, madam," ta ce da ni. Na dawo gida na ninka. Har littattafan nawa na fara karanta masa.

Ana cikin haka maigida ya kira daga hanya, kuma ran nan ya ɗan daɗe a waya fiye da yadda ya saba, tun nan na san akwai magana.

"Inna za ta zo," ya ce. Mahaifiyarsa ke nan, tana zaune a Dogon Dutsi. "Ta ce harsuna sun yi wa yaron yawa a nan. Wannan Dendi, wannan Yarbanci, wannan Fon, ga Faransanci a talabijin. Can Hausa zalla ce, ga yara cike da gida. In na dawo za ta tafi da shi."

"Har yaushe?"

"Ba ta faɗa ba."

Ba sai ta faɗa ba. Ɗan fari na kaka ne, kowa ya san haka. Tun lokacin yaye ya kamata ta ɗauke shi, ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa. Na san 'ya'yan farin da aka kai yaye ba su dawo ba sai da gemu. Kuma ba ni da bakin cewa a'a. Matar da za ta tsaya gaban surukarta ta ce ba za ta iya rabuwa da ɗanta na fari ba, ai ta gama zubar da mutuncin gidansu. Na ce, "To, Allah ya kawo ta lafiya." Na ajiye waya na koma kan keke, na ɗinka hijabi guda da bakin wuya a baibai.

Inna ta iso ranar wata Laraba da hantsi, doguwa, siririya, da carbi a wuya da ƙullin daddawa da kuka. Cikin kayanta har da 'yan takalma sababbi da ƙaramar hula, na tafiya. Na gan su na ɗauke kai. Bayan na durƙusa na gaishe ta, ta sha ruwa, sai ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bango. Ta zauna ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta dubi yaron da ke tsaye yana tsotsar yatsa.

"Maigida," ta ce, "ina kwana?"

Haka kakanni ke kiran jikokinsu maza da wasa, balle wannan da ke ɗauke da sunan mijinta marigayi. Ta faɗa ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji guga ta sauka rijiya ta hau. Na kasa daurewa.

"Ai ba ya magana, Inna."

"Da ke nake?"

Na sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ci gaba da kallonsa, hannunta a kan gwiwa, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya sai wannan. Can yaron ya zare yatsa daga baki ya nuna carbinta.

"Wannan?" ta ce. "Ba gaisuwa, sai duba kayan mace. Halinka na nan." Ta cire ta miƙa masa. Ya juya shi, ya lasa, ya mayar mata. Ta karɓa da hannu biyu. "Na gode, Allah ya ƙara buɗi." Ta sake yin shiru. Sai ya sake miƙo hannu.

Sun fi rabin awa a kan carbin nan, kuma duk abin da Inna ta faɗa bai kai rabin shafi ba. A raina na ce, wannan tsohuwa ba ta da kalamai.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Ina bisa keke, kunnena na wajen tabarma. Na lura ba ita ke zaɓen abin da za su yi zance a kai ba sai jefi-jefi. Inda ya duba nan take dubawa. In ya ɗauko murfin kwalba, murfin kwalba ne labari. In ya yar da shi ya koma kan tururuwa, ba ta ce masa dawo mu gama ba, sai ta bi shi wajen tururuwa. Amma ba kullum take sakar masa ba. Wani lokaci ita ke tsokano shi.

"Kai maigida, tun da na zo garinku ko ruwa ba ka ba ni ba. Haka ake riƙon mace?"

Ya tafi ya jawo silifas ɗin Iya mai koko ya kawo mata.

"Wannan ne ruwan? To bismillah." Ta kai shi bakinta ta yi kamar tana kurɓa.

Iya daga bakin murhunta ta ce, "Hajiya, ki sha a hankali, ɗaya ƙafar ma tana nan in bai ishe ki ba."

Yaron ya yi dariya har ya zauna daɓas. Washegari Inna ta ɗauki sabuwar hular nan ta sa wa babban yatsan ƙafarta, ta zauna tana jan carbi, fuska ba alamar wasa. Ya zo ya tsaya. Ya dubi hula, ya dube ta. Ta dube shi, ta jira.

"A'a," ya ce.

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Kalma ce sosai, ba gunaguni ba, da 'yar muryarsa mai kauri da ban san yana da ita ba.

"A'a?" Inna ta ce. "To ina?"

Ya cire hular ya ɗora mata a ka.

Ranar na shiga ɗaki na yi kuka iri biyu a lokaci guda. Ɗana ba bebe ba ne, alhamdu lillahi. Amma a hannunta ya yi magana, ba a nawa ba, kuma duk gidan sun gani. Kafin sati ya zagayo ya samu "ba ni", ya samu "zo", ya samu "mage". Kowace kalma ya ƙara, sai in ji kamar an ƙara ɗaure masa kayan tafiya. Matan gida suna cewa, "Kin gani? Kwana goma kawai. Ina ga ya shekara a can." Ni ma ina cewa, "Wallahi kuwa," ina murmushi.

Wata rana bayan azahar na saki labule kamar yadda na saba. Na san kwanakinmu sun kusa ƙarewa, don haka ran nan na zuba fiye da kullum. Na gaya masa zuciyata gida ce shi ne fitilarta, na tambaye shi ko zai manta da ni, na amsa da cewa ba zai manta ba. Ban san zafi ya hana Inna kwanciya a ciki ba, ta jawo tabarmarta dab da ƙofata. Da na fito ɗebo ruwan alwala sai na same ta zaune.

"Ɗiyata, zo nan."

Na durƙusa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don ta ji ni ina kiran ɗan fari fitilar zuciya.

"Wa'azi kike yi a ciki, ko hira?"

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Tambaya bakwai na ji kin yi masa. Bakwai ɗin kuma ke kika amsa."

"A asibiti aka ce in riƙa yi masa magana, Inna."

"Sun ce ki hana shi tasa?" Ba da faɗa ta faɗa ba, har da 'yar dariya a ciki. "Kin taɓa lugude?"

Na ce na taɓa, muna yara, in an je biki. Mata biyu a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi.

"To in taki ba ta tashi ba, ta ina tasa za ta sauka?"

Ta nuna mini bango da haɓa. Akwai wani jan gwada, babban ƙadangare mai jan kai, da ke saukowa kan bangon bayan rijiya kullum in rana ta yi. Yaron ya riga ya fito ya tsaya a ƙasansa. Ƙadangaren ya gyaɗa kai sau uku ya tsaya. Yaron ya gyaɗa nasa. Ƙadangaren ya sake. Yaron ya sake, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar da na zo nake ganinsu," Inna ta ce. "Duk gidan nan shi kaɗai ke ba shi lokaci."

Wata nawa ɗana yana hira da ƙadangare a gabana, ni ban taɓa gani ba, saboda a tsakar gida ba na kallonsa.

"Ba laifinki na gani ba," Inna ta ce. "Mijinki ɗan farina ne. Na yi masa kunya har ya yi gemu, yau ma ba na kiran sunansa. Amma a gidanmu akwai kakanni biyu, da gwaggo uku, da 'yan uwan uba ba iyaka. In ya zo da magana na kawar da kai, kafin ya juya wata ta cafe. Ke a nan wa kike bar wa shi? Kowa na neman abin kai wa baki. Ya zo wurinki a waje ba amsa, ya shiga ciki ba wuri. Shi ya sa zan tafi da shi. Ba don harsuna ba. Wannan na faɗa wa mijinki ne don shi zai fi ganewa."

Na ce, "To, Inna." Abin da ake cewa ke nan.

Saura kwana takwas maigida ya dawo. A kwanakin nan na gwada abin da ban taɓa gwadawa ba, na saki labule na ajiye shi a gabana na rufe bakina. Ban san shiru yana da nauyi haka ba. Kalamai suna taruwa a maƙogwarona kamar mutane a ƙofar mota. Shi ma abin ya ba shi mamaki. Ranar farko ya zo ya sa yatsa ya buɗe leɓena, yana neman inda muryar ta tafi. Da ya ga ba komai sai ya sauka ya ɗauko ƙwaryar zare daga ƙarƙashin keke ya sa mini a hannu. Na ce, "Zare." Na cije leɓe. Ya karɓe, ya mirgina shi ƙarƙashin gado, ya dube ni. Na ce, "Ya tafi." Ya ce, "Zo," yana kiran zaren.

Ba kullum na iya ba. Rana ta uku ya ce "ba ni" da wata irin murya mai daɗi, ban san lokacin da na rungume shi na yi masa shafi guda ba. Da na farga ya riga ya mai da ido taga, irin kallon nan nasa na da. Na sake shi, na ce, "Yi haƙuri." Ban sani ba ko ya gane. Kuma duk wannan a ɗaki ne. A waje ina nan yadda nake, Amarya mai kunya.

Maigida ya dawo ran Alhamis, aka sa tafiya Asabar da safe. Ni na wanke kayan yaron na goge, na jera a jaka, na sa masa ƙuli-ƙuli da biskit na hanya. Da hantsi tsakar gida ta cika. Mata na ɗibar ruwa, Iya na kwashe ƙosan ƙarshe, maigida na tsaye a zaure da 'yan zemijan biyu da za su kai su tasha. Inna ta yafa mayafinta tana sallama da mutane ɗaki-ɗaki. Ni na tsaya a bakin ƙofata ina ninke wani mayafi da na riga na ninke.

An sa wa yaron sababbin takalma da hula. Ya tafi bayan rijiya yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin ruwa. Bai daɗe ba sai ga shi a guje. Ya wuce Inna, ya wuce Iya, bai ko dubi ubansa ba. Ya zo ya damƙi zanena ya ja.

"Bindi," ya ce.

Jikina ya yi abin da ya saba. Na kawar da kai.

Ya sake ja. "Bindi."

Iya mai koko ta goge hannu ta ce, "Zo nan ɗan albarka, zo ka gaya wa Iya, bindin wa?"

Inna ta ɗaga hannu. "Bar shi. Da uwarsa yake." Sannan ta juyo gare ni, a gaban kowa, a gaban ɗanta. "Ana miki magana."

Guga ta tsaya a bakin rijiya. Na ji idanun gidan nan duka a kaina. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a durƙushe, fuskata daidai tasa. Ban taɓa ganin fuskarsa kusa haka a hasken rana ba. Akwai gumi a saman leɓensa.

"Bindi?" na ce. 

"Babu."

"Babu bindi." Na tsaya. Tambayoyi goma suka taso mini, na haɗiye tara. "Na wa?"

Ya gyaɗa kai sau uku, irin na abokinsa. Wata daga bakin rijiya ta yi dariya, aka ce mata ta yi shiru. Ya ja ni, na bi shi da gwiwa da ƙafa har bayan rijiya. Jan gwada na nan kan bango, da guntun bindi, sauran babu.

"Wa ya cire masa?"

Ya yi shiru. Na jira. Na ji ɗan zemijan yana cewa da maigida mota fa ba ta jiran kowa. Na ci gaba da jira. Yaron ya dubi ƙadangare, ya dubi saman kwano.

"Mage," ya ce.

"Mage ce. Ta kyauta kuwa?"

Bai kula da wannan tambayar ba. Ya gama da mage. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya nuna mini takalmi.

"Takalmi," na ce. "Sabo."

"Cire."

"In cire?"

"Cire." Ya zauna a ƙasa ya miƙo mini ƙafa. Ashe yana matsa masa ɗan yatsa, wurin har ya yi ja. Na cire ɗaya. Ya miƙo ɗayar. Ya kama fuskata da hannu biyu ya juya ta wajen bango, don in sake duba bindin da kyau, wai ban gani sosai ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na ɗago Inna na tsaye a kanmu, ta dogara da bakin rijiya saboda ƙafarta. Ta daɗe tana kallonsa. Sunan mijinta ne a kansa, kuma na san ta share masa wuri a ɗakinta tun kafin ta taso, ta gaya wa maƙwabta da shi za ta dawo.

Maigida ya matso. "Inna, rana na yi."

"Sauke jakar yaron," ta ce.

"Inna?"

"Ba a ɗaukar mutum yana tsakiyar zance. Ba tarbiyya ba ce." Ta sunkuya da ƙyar ta cire hular daga kansa, ta cusa a cikin mayafinta. "Wannan zan riƙe. Kai kuma maigida, na ga halinka. Na zo tun daga Dogon Dutsi, ka tsaya hira da wata."

Ya dube ta ya ce, "A'a."

"A'a ɗin gidanku," ta ce, idonta ya kawo ruwa. Ta juyo wurina. "In ya gama, ki aiko mini shi."

Na buɗe baki in yi godiya. Duk kalaman littattafan nan babu wanda ya zo. Na ce, "To, Inna."

Mun raka ta ƙofar gida. Ta hau bayan babur a karkace saboda ƙafar, jakarta a cinya, ba ta waiwayo ba har suka sha kwana wajen masu tsire. Babur na biyu ya tafi da maigida shi kaɗai. Na sha tuna bayan nan nata.

An yi maganata a gidan, ba zan ɓoye ba. Wata ta ce Amarya ta zubar da kunya a bakin rijiya. Iya mai koko ta yi wata guda tana tsokanata, in ta gan ni sai ta ce, "Ina labarin bindi?" Daga baya abin ya wuce, kamar yadda maganar gidan haya ke wucewa in sabuwa ta zo.

Yanzu yana aji huɗu. Hausa, Dendi, Faransanci, har Fon ɗin da yake ciniki da shi wajen masu kifi, babu wanda ya yi masa yawa. Malamarsu ta aiko mini sau biyu cewa surutu ya hana shi zama. In an yi dogon hutu ubansa kan sa shi a gaban mota ya kai wa Inna, ya yi wata biyu ya dawo da kalmomin da ni ma sai na tambaya. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, wannan kam ban iya ba. Littattafaina ma suna nan, yanzu a waya nake karanta su, kuma har gobe in saurayi ya yi shafi biyu zuciyata na narkewa. Sai dai nakan tsaya a ƙarshen jawabin in ce a raina, to bawan Allah, ɗaga taɓarya, a ji ta bakin yarinyar.

Duk sanda muka yi waya da Inna, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ya gama?"

In dube shi can bakin rijiya, ya tsare ƙanwarsa da labarin wata mota mai taya goma sha takwas, ita kuma tana ta ƙoƙarin sa baki. In ce, "Da saura, Inna."